Rabin Gonar Kawu

Oga ya fito daga mota, ya tsaya a bakin hanya hannu a aljihu. Ya dubi masarar dama, ya dubi ta hagu, sannan ya yi tambayar da malamin gona yake addu'ar kada a yi.

"To, wacce ce tamu?"

Malamin gona ya nuna ta dama. Mutanen yankin Malam Tazara suke ce masa, saboda ba ya buɗe baki a taron manoma bai ambaci tazara tsakanin shuka da shuka ba, kuma duk inda za shi igiyarsa mai ƙulle-ƙulle tana ɗaure a bayan babur. Sunan bai taɓa damunsa ba. Abin da ya dame shi a wannan safiya shi ne shugabansa, mutumin da ya tsufa a rubuta rahoton masara, ya kasa raba gonar gwaji da gonar manomi sai da aka nuna masa da yatsa.

Tsarin aikin ba shi da wuya. A sami gona a bakin hanya, a raba ta biyu. Rabi a shuka yadda ofis ya koyar: sabon iri, tazara daidai, taki a binne a gefen kowace shuka. Ɗaya rabin mai gona ya noma abinsa yadda ya saba. Sai a kafa allo a kowane ɓangare, a bar masu wucewa su yanke wa kansu hukunci. Malam Tazara ya zaɓi gonar kawunsa, yayan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami bayan rasuwarta. Ya zaɓe ta don tana kan hanya, kuma don ya san Kawu ba zai ce masa a'a ba.

Abin da ya manta shi ne wane ne Kawu. In ruwan farko ya sauka, mutanen garin ba sama suke kallo ba, ƙofar gidan Kawu suke kallo. In ya fito da iri kowa ya fito, in ya zauna kowa ya haƙura. Bai da mota, bai da sarauta, bai taɓa riƙe wani muƙami ba. Abin da ya mallaka a idon jama'a abu ɗaya ne: ba a taɓa ganin ciyawa ta kwana a gonarsa ba.

A gaskiya ta ofis ta fi. Wanda ya san masara zai ga karanta ya fi kauri, ganyenta ya fi duhu, kuma ranar girbi buhu ba zai yi ƙarya ba. Amma fifiko ne na mai durƙusawa ya duba, ba na mai leƙowa ta tagar mota ba.

"Ka ga," in ji Oga, yana kakkaɓe bakin wandonsa, "baƙin da za su zo ranar nuni ba manoma ba ne, kuma ba za su jira girbi ba. Ido suke zuwa da shi da abin ɗaukar hoto. In suka ga gona biyu iri ɗaya, za su ce to me muke yi a nan? Akwai yankunan da ke neman shirin nan ido rufe. In ya tashi daga nan, kai ma ka san kujerarka ba dasa ta aka yi a ƙasa ba."

"Yallaɓai, me kake ganin ya kamata a yi?"

"Ni ban ce ka yi komai ba. Na dai ce a ga bambanci."

Irin su Oga ba sa cewa a yi komai, shi ya sa kullum hannunsu fes. Ya shiga motarsa, ya ɗaga gilashi, ya bar Malam Tazara da igiya a hannu.

Da yamma ya tarar da Kawu a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya. Lokacin maimai ne, wato noma na biyu, wanda in aka yi shi a kan kari masara take miƙewa ta rufe ciyawa da inuwarta. Ya gaishe shi, ya zauna a gefen tabarma, ya yi ta zagaye-zagaye, daga lafiyar awaki zuwa tsadar man babur, har Kawu ya gaji.

"Malam, tun ɗazu kake tafiya ba ka iso ba. Mene ne?"

"Wata alfarma na zo nema, Kawu."

"Alfarma tsakanina da kai? Faɗi."

"Maiman ɓangarenka. Da za ka ɗan jinkirta shi."

"Zuwa yaushe?"

"Zuwa bayan baƙi sun zo sun tafi."

Kawu ya ajiye fartanyar a cinyarsa. "Kafin nan ai ciyawa ta yi aure ta haihu. Wato so kake a ga tawa ta lalace."

"A'a Kawu, ba lalacewa ba. A dai ga bambanci."

"Duk maganar ɗaya ce, ɗana, sai dai taka ta je makaranta."

Malam Tazara ya sunkuyar da kai. Ya so Kawu ya yi masa faɗa, ya kore shi, ya ce ya kwashe allunansa ya kai gonar wani. Da ya yi haka, da shi kenan, sai ya koma ya gaya wa Oga tsoho ya ƙi. Amma Kawu ya daɗe yana kallonsa, irin kallon da yake yi masa tun yana yaro in ya dawo gida da zazzaɓi.

"Aikinka ne a kai?"

"Shi ne, Kawu."

"To. Na ji. Amma ya tsaya tsakaninmu. Ko Innarka ba sai ta sani ba."

Ya jingina fartanyar a bango, ya shiga gida bai ƙarasa gyaran ƙotar ba.

Ciyawa ba ta buƙatar a roƙe ta sau biyu. Ruwa ya zauna, ƙasa mai kyau ce, ba ta taɓa samun irin wannan dama a gonar ba. Kafin a ce me, ta cika kwarin kunya, ta haura, ta fara kokawa da masara. Ganyen ƙasa ya yi rawaya, karan ya sirance. Ɓangaren dama kuwa Kawu da kansa ya nome shi tas, domin haka yarjejeniyar ofis take, mai gona ne ke kula da duka biyun. Masu wucewa sukan gan shi a duƙe a ɓangaren ofis, ya juya wa nasa baya.

Da farko mutane tsokana suka ɗauke shi. Mai shayin bakin tasha ya ce tsohon ya koma kiwon ciyawa ne, da ma an ce ta yi tsada. Wani ya ce a'a, tun da aka kafa masa allo ya zama ma'aikacin gwamnati, jiran albashi yake. Kawu yakan yi murmushi ya wuce. Daga baya tsokanar ta mutu, tausayi ya maye gurbinta, kuma tausayi ya fi ciwo. Aka fara gaishe shi da "ya ƙarfin jiki?" alhali bai ce wa kowa ba shi da lafiya ba.

Wata safiya maƙwabtansa biyu suka ɗauko fartanyoyinsu, ba su gaya wa kowa ba, suka shiga ɓangaren hagu suka kama noma don su rufa wa dattijo asiri. Kawu ya iso ya same su. Ba yadda zai yi ya bar su, ba kuma yadda zai yi ya faɗi dalili. Sai ya kore su da faɗa, shi da ba a taɓa jin muryarsa a sama ba. Daga ranar maganar gari ta canza. Aka ce abin ba a jiki kaɗai ya tsaya ba, ya fara taɓa kai.

Duk wannan yana isa kunnen Malam Tazara, domin malamin gona ba abin da ba ya ji. Ya daina bin hanyar gonar in ba dole ba, ya koma zagayawa ta bayan makaranta, hanyar da ke cin taya. Sau da yawa ya tayar da babur da niyyar ya je ya ce, "Kawu, nome abinka, aikin ya daɗe bai tashi ba." Sai ya tuna matarsa da yaransa da gidan haya, ya ce wa kansa ai saura kaɗan, in baƙi suka tafi shi da kansa zai ɗauki fartanya. Da wannan "saura kaɗan" ya yi ta lallaɓa zuciyarsa, ita kuma ba ta lallaɓu ba.

Ranar da ta fi ƙona masa rai ita ce ranar da Inna, matar Kawu, ta tare shi a tsakar gida tana shanya wanki. Ta duba ta ga ba kowa, ta rage murya.

"Ɗan nan, kawunka ba ya cin abin kirki. Ya daina zama cikin abokansa. In na yi maganar gonar sai ya tashi ya bar mini wurin. Kai ne malamin gona, kuma yana jin maganarka. Don Allah ka lallashe shi ya nome ta, ko ya bari a nome masa. Ni kunyar fita nake ji."

"Zan yi masa magana, Inna."

"Allah ya yi maka albarka. Da ma na san kai kaɗai ne za ka damu."

Ya amsa da amin, ya fita. Ya daɗe zaune a kan babur bai tayar ba.

Ranar nuni ta zo. Aka kafa rumfa a bakin gonar, aka jera kujerun roba, aka ɗauko lasifika mai tari kafin ta yi magana. Manoman yankin suka cika wurin, na kusa da na nesa. Motocin baƙi suka iso a makare, kamar yadda ya dace da manya. Wannan karon ba wanda ya tambayi wacce ce ta ofis. Ta dama ta yi goyo, kore shar, ta fi mutum tsawo. Ta hagu kuwa sai ka lura za ka gane masara aka shuka. Oga ya dubi Malam Tazara ya gyaɗa kai.

Malam Tazara ya yi bayaninsa, iri da taki da tazara, bakinsa na aiki shi kaɗai. Kawu yana tsaye a gefe cikin rigarsa ta fita, hannu a baya. Komai ya kusa wucewa lafiya, sai wata mata cikin baƙin, mai fara'a, wadda ba ta nufi kowa da sharri ba, ta ce tana so ta ji daga bakin mai gonar. Aka jawo Kawu gaba, aka tsayar da shi a bakin ciyawar. Malam Tazara ne ya riƙe masa abin magana.

"Baba," in ji ta, "wannan ɓangaren, haka ka saba nomanka?"

A cikin taron akwai mutanen da suka koyi riƙon fartanya a hannun Kawu. Malam Tazara ya san kalma ɗaya ta isa. Abin maganar a hannunsa yake, ba sai ya nemi izinin kowa ba, juyo shi kawai zai yi zuwa bakinsa. Kawu ya dube shi, ya gane, sai ya kai nasa hannun ya dafe abin maganar.

"Haka na saba, 'yata," ya ce, muryarsa ta fita har bakin titi. "Mu tsofaffi haka muka iya. Yanzu ga yara sun zo da ilimi, sai mu koya."

Baƙi suka yi tafi. Aka ɗauki hoto. Wasu matasa a baya suka yi dariya, dattawa kuma suka kawar da kai. Oga ya dafa kafaɗar Malam Tazara a gaban kowa, ya ce irin waɗannan ma'aikata ake nema. Aka ce shirin zai ci gaba, har ma za a faɗaɗa shi.

Washegari da sassafe Malam Tazara ya je da fartanya kamar yadda ya yi wa kansa alkawari. Ya noma kunya biyu ya tsaya. Ba abin da ya rage da za a ceta, ciyawar ta riga ta zubar da 'ya'yanta, masarar kuma ta gama yanke ƙauna.

Ba a daɗe ba hoton ya dawo daga hedikwata, an buga shi manya-manya a takarda mai sheƙi don ilmantar da manoma. Gefe ɗaya masara kore, gefe ɗaya Kawu tsaye cikin ciyawa har gwiwa, a ƙasa an rubuta a bar tsohuwar hanya a rungumi sabuwa. Aka ba kowane malamin gona nasa ƙunshin ya rarraba. Malam Tazara ya tura nasa ƙarƙashin gado, kamar hakan zai yi wani amfani. Abokan aikinsa ba kawunsu ba ne. Suka manna nasu a shagunan taki, da bangon asibiti, da tashar mota.

A tashar ne babban ɗan Kawu ya gani. Makanike ne a birni, kuma ya daɗe yana so mahaifinsu ya ajiye fartanya, a ba wani mai tarakta hayar gonar. Da can ba ya ko iya tayar da maganar, don kowa zai ce masa tsohon da ya fi samari noma ina ruwansa da hutu. Yanzu kuwa ya tara ƙannensa, suka yi shawara, ba wanda ya musa.

Da Malam Tazara ya ji, ya hau babur ya tafi birni. Ya sami Yaya, wato babban ɗan Kawu, a garejinsa, rabin jikinsa a ƙarƙashin wata mota. A da in suka haɗu sai sun yi ta zolayar juna, wannan ya ce malamin da bai da gona, wancan ya ce likitan motocin da suka mutu. Ranar ba wanda ya yi wasa. Malam Tazara ya tsuguna a gefen tayar, ya faɗi komai, daga tambayar Oga har zuwa abin magana.

Yaya ya fito, ya zauna a ƙasa, ya goge hannunsa da tsumma a hankali, yatsa bayan yatsa.

"To yanzu me kake so in yi?"

"A bar masa gonarsa, Yaya. Lafiyarsa ƙalau. Ni zan zagaya in gaya wa mutane gaskiya."

"Ka gaya musu me? Cewa mahaifinmu ya tsaya a gaban gari, a lasifika, ya yi ƙarya? Yanzu ana cewa ya tsufa. Tsufa ba abin kunya ba ne, kowa can za shi. Kai kuma so kake ka mai da shi maƙaryaci, don dai ka sami barci."



"Kuma bari in gaya maka," Yaya ya ci gaba, ba tare da ya ɗaga murya ba, "da ina ɗan shakka. Ina cewa anya ban yi gaggawa ba? Yanzu ka cire mini ita. Mutumin da yaro zai zo ya ce masa bar gonarka ta lalace, ya bari, gobe wani zai zo ya ce masa sa hannu a nan, ya sa. Mun riga mun yi magana da mai tarakta. Baba ma bai ce a'a ba."

"Bai ce a'a ba?"

"Cewa ya yi yadda muka gani."

Ya koma ƙarƙashin motarsa. Malam Tazara ya tashi. Ya zo ne ya sauke kaya, sai ga shi ya ƙara wa Kawu wani, ya kuma koma da nasa yadda ya zo da shi.

Ya yi makonni bai taka gidan Kawu ba. An yi girbi, ɓangaren ofis ya ba da abin da aka zata, Oga ya sa a rahoto. Mai tarakta ya zo ya baje kunyoyin duka, na dama da na hagu. Sai da Inna ta aiko a tambaya ko lafiya, sannan ya ga ba makawa.

Ya same shi a tsakar gida da hantsi, lokacin da ba a taɓa samun Kawu a gida ba. Ya rame kaɗan, amma idonsa garau. Malam Tazara ya durƙusa ya gaishe shi. Ya shirya magana tun daga gida, ya maimaita ta a kan hanya, amma da ya buɗe baki abin da ya fito kaɗan ne.

"Kawu, ka yafe mini."

"An bar maka aikin?"

"An bari."

"To alhamdu lillahi. Tashi, ƙasa da sanyi." Kawu ya gyara zama. "Da ma ina nemanka. An ce ofishinku na koya wa mutane shuka a cikin buhu. Matan da ba sa fita, da waɗanda ba su da gona."

"Ana koyarwa, Kawu."

"An ce har tumatir yana yi."

"Yana yi."

"To ka koya mini. Hannun nan in bai taɓa ƙasa ba ciwo yake yi. Ban taɓa yin irinsa ba, kada in yi abin da za a yi mini dariya."

Sai a lokacin Malam Tazara ya lura da abin da ke jikin bango. Tsofaffin buhuna ne a ninke, an wanke su, ga tarin ƙasa da aka tankaɗe, ga takin awaki a wani tsohon kwano. Kawu ya tashi ya ɗauko buhu ɗaya, ya kakkaɓe, ya miƙa masa. Sannan ya durƙusa a gaban tarin ƙasar, ya cika kwano, ya tsaya yana jiran umarni.

"Ƙasa ake fara zubawa ko taki?"

"Gaurayawa ake yi, Kawu," in ji Malam Tazara.

"To. Riƙe mini bakin da kyau, Malam."

Ya riƙe bakin buhun da hannu biyu, kansa a ƙasa. Kawu ya fara zubawa a hankali, kwano bayan kwano, yana tsayawa yana tambaya ko ya isa.